Alhaki Kwikwiyo: Yarjejeniyoyin Yanayi a Ma'aunin Keita

Duk wanda ya saba juya magana daga Faransanci zuwa Hausa ya san akwai kalmomin da ba su yarda a musanya su da kalma guda. Daga cikinsu akwai responsabilité. Abin da Bafaranshe ya zuba a ƙwarya ɗaya, Bahaushe ya kasa shi gida uku. Akwai laifi, wato ɓarnar da mutum ya aikata. Akwai alhaki, wato haƙƙin wanda aka cuta, wanda ke rataye a wuyan mai cutar, ba ya sauka sai an biya ko an yafe. Akwai kuma nauyi, wato hidimar da mutum ya ɗauka domin yana da hali, kamar yadda babban wa kan ɗauki karatun ƙannensa: in ya yi a gode masa, in ya gaza a yi masa uzuri.

Wannan bambanci ya wuce darasin aji. Fiye da shekara 30 ke nan ƙasashen duniya suna ciniki a kan ɗumamar yanayi, kuma a kan wannan kalma cinikin ya tsaya. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, ƙasashe masu masana'antu sun karɓi ma'ana ta uku, sun kauce wa ta biyu, ta farko kuwa an daɗe ana neman jingina ta ga manomi da makiyayin Sahel. Babu wurin da ya fi dacewa a auna wannan magana kamar ƙasar Adar, a jihar Tawa, musamman gundumomin Keita da Buza da Madawa, inda fari ya yi ɓarna, inda kuma talakawa suka yi aikin farfaɗo da ƙasa wanda duniya ta daɗe tana yabawa.

Abin da takardun suka faɗa

Yarjejeniyar farko an ƙulla ta a birnin Rio na Burazil a shekarar 1992, Nijar kuma ta amince da ita a 1995. Gabatarwarta ta yarda a fili cewa mafi yawan iskar da ta ɗumama duniya daga ƙasashe masu arziki ta fito, jiya da yau. Daga nan ta kafa ƙa'idar da kowa ke maimaitawa, cewa al'amarin ya rataya a kan kowa, amma rabon kowa daban yake da na wani, don haka masu arziki su shige gaba. Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, an amsa laifi. Sai dai tun a taron na Rio, Amurka ta sa aka rubuta cewa ba ta ɗauki wannan ƙa'ida a matsayin amsa wani bashi ko wata diyya ba. Wato tun ranar suna aka cire wa kalmar haƙoranta.

A Kyoto, a 1997, an ɗora wa ƙasashe masu masana'antu rage hayaƙinsu da kimanin kashi 5 cikin ɗari, in an kwatanta da na 1990. Amurka ta sa hannu, amma ba ta taɓa zartar da yarjejeniyar ba, a 2001 ma ta juya mata baya gaba ɗaya. Kanada kuwa ta fice a 2011. A Kopenhagen, a 2009, aka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara ga ƙasashe masu tasowa kafin 2020. Bisa lissafin su masu bayarwar, sai a 2022 aka cika adadin, kuma kaso mai yawa na kuɗin rance ne. A yarjejeniyar Paris ta 2015 an keɓe babi guda ga asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, amma a takardar da ta raka yarjejeniyar, sakin layi na 51 ya ce wannan babi ba ya zama hujjar neman diyya a kan kowa. Da aka kafa asusun asara da ɓarna a Masar a 2022, kuɗin da aka yi alkawarin zuba masa a Dubai a 2023 bai wuce kimanin dala miliyan 700 ba, kuma kowa abin da ya ga dama ya ambata. A Baku, a 2024, aka ɗaga alkawarin shekara zuwa dala biliyan 300 nan da 2035, Amurka kuma a farkon 2025 ta sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris.

In aka karanta waɗannan takardu da idon mai fassara, za a ga hanya ɗaya suka bi. Duk inda magana ta doshi alhaki sai a karkata ta zuwa nauyi, shi kuwa nauyi mai shi na iya sauke shi ranar da ya gaji, ko ranar da zaɓe ya sauya gwamnati.

Abin da ƙididdiga ta faɗa

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin samaniya kashi 280 ce cikin miliyan. Yau ta haura 420. Wannan iska tana daɗewa a sama shekaru aru-aru, shi ya sa tambayar wa ya tara ta take da muhimmanci kamar tambayar wa ke ƙara ta yanzu. Daga abin da aka ƙona na kwal da man fetur da gas tun tsakiyar ƙarni na 18, Amurka kaɗai tana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari ba. In aka raba bisa kawunan mutane, Ba'amurke yana fitar da kimanin ton 14 a shekara, Ba'italiye fiye da ton 5, ɗan Nijar kuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ton guda. Abin da mutumin Tamaske ko Garhanga ke fitarwa daga wannan damana zuwa waccan, Ba'amurke ya gama fitar da shi cikin kwana 3.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce ta rashin sani: kakanninmu da suka ƙona kwal ba su san abin da zai biyo baya ba. Hujja ce mai rauni. Tun 1896 masanin nan na Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin yadda iskar kabon ke ƙara zafin duniya. A 1990 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato GIEC, ya fitar da rahotonsa na farko, kuma kusan rabin dukan kabon da aka fitar a tarihi bayan wannan shekara aka fitar da shi, ido buɗe.

Wa aka ɗora wa farin Adar?

Kafin a fara maganar ɗumamar duniya, akwai wani labari da ya riga ya zauna a ofisoshi da littattafan makaranta, labarin hamada mai tafiya. A 1935 wani malamin daji na Ingila, Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu saboda gatari da garke. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 da 1937, bai ga hamadar da ke tafiya ba, amma labarin ya fi rahoton kwamitin tsawon rai. A 1949 Aubréville ya yaɗa kalmar désertification, wadda muke kira kwararowar hamada ko gurgusowar hamada. Bayan farin 1973, masanin Amurka Jule Charney ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙasar da dabbobi suka cinye ciyawarta tana mayar da hasken rana sama, ta hana hadari haɗuwa. A taƙaice, an ce mutanen Sahel su suka kori ruwansu da hannunsu.

Binciken da ya biyo baya ya sauya wannan hoto. Tun 1986 masana na ofishin yanayin Ingila suka nuna alaƙar ruwan Sahel da zafin tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin zafin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana yawancin raguwar ruwan da aka gani, wadda ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin shekarun 1950 da na 1980. Wasu masanan, irin su Rotstayn da Lohmann a 2002, sun nuna cewa ƙurar farar wuta da ke fita daga masana'antun Turai da Amurka ta sanyaya arewacin tekun Atilantika, ta tura igiyar damana kudu. Gaskiya ne ƙurar farar wuta daban take da iskar kabon, domin ita sanyaya iska take yi; gaskiya ne kuma tekuna suna da nasu juyi na halitta, kuma ƙasar da aka sare itatuwanta ta fi jin jiki idan fari ya zo. Amma bututun da ya fitar da wannan shi ya fitar da waccan, kuma ba a Ibohaman aka gina shi ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Adar karin maganar ya sha ƙasa: wani ya ja, wani aka doka.

Keita: wa ya taimaki wa?

A 1984, shekarar da gero ya ƙone a gona kuma shugaba Seyni Kountché ya tara ƙasa a Maraɗi don muhawara kan hamada, aka buɗe shirin raya karkara na Keita, wanda aka fi sani da Projet Intégré Keita. Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Daga baya shirin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. A tsawon shirin an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an farfaɗo da fiye da hekta dubu 30 na ƙasar da ta zama fako, an haƙa ramuka a jikin duwatsu don tare ruwa, an jera kunyoyin duwatsu a kan tudu, an gina madatsu a bakin ƙoramu, an haƙa rijiyoyi, an yi hanyoyi. Tun kafin wannan, a kwarin Maggiya na gundumar Buza, malamin daji Daouda Adamou da ƙungiyar CARE sun soma dasa layukan dogon yaro a 1975 don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona.

Yabon gwani ya zama dole. Kuɗin Italiya kuɗi ne na gaske, injiniyoyinta da ma'aikatan Nijar da suka zauna a Keita sun yi aikin da ido ke gani har yau, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Abin dubawa shi ne yadda ake ba da labarin. A mafi yawan rahotannin da aka rubuta kan irin waɗannan ayyuka, harshen iri ɗaya ne: akwai mai bayarwa, akwai mai amfana. Mai bayarwa yana da suna da tuta da adadin kuɗi; mai amfana kuwa taro ne marar suna. Alhali waɗanda suka fasa dutse da diga, suka ɗauke shi a kai cikin rana, mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi biɗa a Najeriya da Abijan da Libiya. Ladansu kwanon abinci ne na yini. Itatuwan da suka dasa suna shan kabon daga iska ɗaya da kowa ke shaƙa, kabon da ba su suka fitar ba. In da za a rubuta lissafin da gaskiya, da an sami shafi na biyu inda matar Keita take a layin mai bayarwa.

Wannan shafi ba a taɓa buɗe shi ba. Yarjejeniyar Kyoto ta kafa kasuwar da ƙasa mai masana'antu za ta biya a rage hayaƙi ko a dasa itace a wata ƙasa, a rubuta mata ladan. Amma ƙa'idar kasuwar ba ta ƙirga abin da aka yi kafin shekarar 2000, kuma tana neman a nuna cewa in ba don kuɗin kasuwar ba da aikin bai yiwu ba. Da wannan ma'auni, duk abin da aka dasa a Keita da Maggiya tun 1975 ya zo da wuri, bai cancanci ko dala ba. Haka ma manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda ta hanyar sassaben zamani suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ba tare da an biya su ba: tunda sun yi da kansu, kasuwa ta ce ba su buƙatar lada. Dokar da ke hana wanda ya yi sammako, ta saka wa wanda ya jira a biya shi, doka ce da aka yanka daidai wuyan mai saye.

Kada kuma a ɗauka itatuwan sun rufe ƙofar wahala. Yunwar 2005 ta shiga Keita kamar yadda ta shiga sauran jihar Tawa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, masana kuma sun nuna cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan shekara ƙarfi. Madatsar da aka auna da ruwan 1985 yau tana karɓar ruwan da ke zuba kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan.

Littafin lissafi mai ido ɗaya

Akwai wani gurbin a tsarin ƙidayar kanta. Ana rubuta hayaƙi a kan ƙasar da aka ƙona abin a cikinta, ba a duba wanda ya ci amfanin. Faransa tana alfahari, kuma da hujja, cewa kimanin kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake, don haka hayaƙinta bai kai na maƙwabtanta ba. Shekaru kusan 50, tun 1971, wani kaso mai tsoka na yuraniyom ɗin da ya kunna wannan wuta daga Arlit ya fito. Ma'adinan kuwa, tun 1981, da wutar kwal ta kamfanin Sonichar da ke Anu Araren suke aiki. Ke nan hayaƙin kwal ya hau littafin Nijar, tsabtar lantarki ta hau littafin Faransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ma rabon duniya gida biyu, masu arziki da masu tasowa, ya tsufa. Jerin da aka tsara a 1992 ya sa Nijar a rukuni ɗaya da Sin da Saudiyya da Katar. Tun wajen 2006 Sin ta zarce Amurka a hayaƙin shekara, yau tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na duniya, mutumin Katar kuwa yana fitar da fiye da ton 30. Idan wakilan waɗannan ƙasashe suka ce mu matalauta, a bayan matar Keita suke laɓewa. Tun 1991 masana biyu na Indiya, Anil Agarwal da Sunita Narain, suka kawo ma'aunin da ya fi wannan adalci: a bambanta hayaƙin neman rai da hayaƙin jin daɗi. Iskar da ke fita daga cikin saniyar makiyayi ko murhun tuwo, da wadda ke fita daga motar shaƙatawa, a ma'aunin kimiyya duk ɗumama suke yi, amma a ma'aunin shari'a ba a haɗa wanda ya ci don ya rayu da wanda ya ci don ƙawa.

Namu tudun

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙarancin hayaƙin Nijar ba ya wanke ta daga nata nauyin. Itacen girki da manyan motoci ke kwasa zuwa Tawa da Yamai daga dazukanmu yake fita, da sanin hukuma. Ginin da furoje ya bari, in bango ya tsage ba a gyara ba, ba Baturen Roma za a tambaya ba. Aikin magajin gari ne da majalisarsa da masu gonar da ke ƙarƙashin madatsar. Tun 2011 ƙasar tana tace man Agadem a Damagaram, tun 2024 tana tura shi teku ta bututun da ya ratsa Benin, kuma a cikin jihar Tawa kanta an daɗe ana shirin tashar wutar kwal a Salkadamna. Ƙasar da yawancin ƙauyukanta ke kwana cikin duhu tana da haƙƙin neman wuta, kuma wanda ya haskaka biranensa da kwal shekara 200 ba shi da bakin yi mata wa'azi. Amma haƙƙin yana tafe da tambaya: kuɗin man zai isa Buza da Madawa, ko zai tsaya a unguwannin masu sanyaya ɗaki? Bambancin hayaƙin neman rai da na jin daɗi yana nan tsakanin ƙasashe, yana nan kuma tsakanin unguwa da unguwa a cikin Yamai. Wanda ke neman a yi masa adalci a taron duniya, ya kamata a iske shi yana yin sa a gida.

Biyan ɓarna

Ƙasar Adar ta san wannan shari'a tun kafin a haifi Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan garke ya faɗa gona kafin a sako dabbobi, ana zuwa gaban mai gari, a tura mutane su kewaya gonar, a ƙiyasta abin da aka ci, mai garke ya biya. Ba a tambayarsa ko da gangan ya yi, kuma cewa barci ya ɗauke shi ba ya rage damin gero ko ɗaya. Abin da ya miƙa sunansa biyan ɓarna. Babu mai kiransa kyauta, babu mai kafa allo a bakin gona da sunansa, mai gonar kuma ba ya durƙusawa ya yi godiya. Bayan an biya, su ci gaba da zama tare, wannan ya ba da kara, wancan ya ba da taki.

A ranar 23 ga Yuli 2025, bisa ƙoƙarin ƙaramar ƙasar tsibiran Vanuatu, Kotun Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da fatawa cewa kare yanayi wajibi ne na shari'a a kan ƙasashe, kuma wadda ta saɓa ana iya bin ta gyaran abin da ta ɓata, har da diyya. Fatawa ce, ba ta da ɗan sanda a bayanta. Duk da haka ta maido wa kalmar ma'anar da aka cire mata a Rio, ta kuma kusanto da dokar duniya ga abin da mai garin Adar ya sani.

Saura mu masu aiki da harsuna biyu, malaman makaranta da ƴan jarida da masu fassara a gidajen rediyo. Kowace rana ana miƙo mana takardar Faransanci mu juya wa jama'a, kuma kalmar da muka zaɓa ita ke zama a kunnen manomi. In muka ce taimako, mun koya masa miƙa hannu da sunkuyar da kai. In muka ce biyan ɓarna inda biyan ɓarna ne, rance inda rance ne, kyauta inda kyauta ce da gaske, mun ba shi abin da zai tsaya a kai ya yi magana da baƙo, ya kuma tambayi nasa shugabanni inda kuɗin ya shiga. Harshenmu ya riga ya tanadi kalmar, ya kuma faɗi halinta: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.